Ba A Ranar Wuya Kaɗai Ake Tambayar Allah Dalili Ba

Kafin in shiga maganar da ta kawo ni yau, bari in fara bayyana wani abu da da yawanku ba ku sani ba game da ni, don kada in yi nisa wani ya ce na shammace shi. Ni Bahaushe ne gaba da baya, haifaffen ƙasar Zurgu a ƙaramar hukumar Rano, dangin mahaifiyata kuma suna wajen Kibiya. Kuma ni Kirista ne. Kakana na wajen uba Bamaguje ne, a kan al'adar iyayensa ya rasu. Mahaifina ne ya karɓi bishara yana saurayi, mu kuwa a cikinta muka buɗe ido. Na san mafi yawan masu karanta littattafaina Musulmi ne, da su na yi makaranta, da su na yi kasuwa, kuɗinsu ne ya riƙe ni shekara da shekaru. Saboda haka ban zo yi wa kowa wa'azi ba, ban kuma zo tayar da gardamar addini ba. Wani abu ne ya daɗe yana ci mini rai, zan kuma faɗe shi da harshen da na iya, wato harshen bangaskiyata. Wanda ya ga abin ɗauka a ciki, bismilla.

Abin da ya tono maganar shi ne saƙon wata baiwar Allah da ta gama karanta labarina na baya-bayan nan. Ranta a ɓace ta rubuto mini cewa: "Haba Malam, ka cuci yarinyar nan. Duk wahalar da ta sha tun daga littafi na ɗaya har na uku, a ce ta ƙare a gidan haya tana ɗinki? To wahalar tata a banza ke nan?" Na yi kwana biyu ina juya wannan tambaya a zuciyata. Daga baya sai na gane ba ita ce mai laifi ba. Mu marubuta ne muka koya mata lissafin da take yi.

Duk wanda ya taso da karanta littattafanmu na kasuwa ya san yadda muke gina labari. Marainiya ce a hannun kishiyar uwa, ga duka, ga talla, ga kwana da yunwa, ga sharrin da aka ƙulla mata. Sai mu ja ta a ƙasa har mai karatu ya yi hawaye. Can kusa da ƙarshe sai ga wani ɗan Alhaji ya dawo daga Ingila, motarsa ta fantsama mata ruwan kwata, daga nan sai aure, sai gida mai bene a Nasarawa, sai kishiyar uwa ta haukace ko ta zo tana rarrafe. A nan muke ajiye alƙalami mu rubuta "Alhamdu lillahi". Ni kaina na rubuta irin wannan ya fi sau goma, na kuma ci abinci da shi. To amma me muka koya wa mai karatu? Mun koya masa cewa wahala kuɗin mota ce da ake biya a tasha domin a kai mutum garin daɗi, kuma da zarar an isa garin, labari ya ƙare, babu sauran tambaya. Ni kuwa abin da rayuwa ta nuna mini shi ne, a nan ne ma tambaya mafi nauyi take farawa.

Ku lura da wani hali namu, Musulminmu da Kiristanmu. Ranar da ɗan mutum ya mutu, ko gonarsa ta ƙone, ko mijinta ya sake ta, nan take za ka ji ana cewa: "Ya Allah, me na yi? Don me sai ni?" To amma tun da nake ban taɓa jin wanda ya samu riba mai yawa ya rufe ƙofa ya zauna yana kuka yana cewa: "Ya Allah, don me sai ni? Me kake so in yi da wannan?" A ranar wuya muna neman Allah ya ba mu bayani. A ranar daɗi kuwa sai mu ɗauka bayanin a fili yake, wato mun isa ne, mun iya ne, haƙƙinmu ne ya zo. Ra'ayina shi ne, wuya da daɗi duka saƙo ne da aka ɗora wa mutum ya kai wani wuri, kuma mafi yawan lokaci saƙon na wani ne da ke kusa da kai. Kuma cikin biyun, daɗi ya fi saurin kayar da mutum. Ba a littafi na karanta wannan ba. Ni ne ya kayar.

Na gama sakandare na shigo Kano da 'yar jakata da rubutun da na cika littattafan makaranta da shi. Na sha wuya irin wadda duk sabon marubuci ya sani: yawo tsakanin mai buga rubutu a kwamfuta da maɗaba'a, roƙon 'yan kasuwa su karɓi kwafi ɗari, sai su ce ka dawo bayan wata uku, ka dawo su ba ka rabin kuɗi. A wancan lokacin kullum ina cikin addu'a, ba na fashin sujada ranar Lahadi, kuma duk wata sai na hau mota na je Zurgu na gaida Inna, ko da sabulu biyu ne a hannuna. A shekarar 2006 sai Allah ya buɗe mini. Wani littafina ya samu karɓuwa, aka karanta shi a rediyo, diloli daga Zariya da Sakkwato da Maraɗi suka riƙa neman sa, bugu na farko ya ƙare aka sake. Na sayi babur, na kama ɗaki biyu, na fara biyan kuɗin fili. Na fara jin ana kirana Malam a wuraren da da ba a ba ni wurin zama.

A cikin wannan shekarar ne ƙanwata ta aiko mini cewa idon Inna yana ba ta matsala, tana tuntuɓe da turmi, tana zubar da ruwa a gefen randa. Na ce yana ce irin ta tsofaffi, in ta nuna za a kai ta a cire. Na aika da kuɗin magani. Aka sake aikowa, na ce a bari in gama da maɗaba'a. Aka sake aikowa, na ce bayan Kirsimeti. Kirsimeti ta zo ta wuce ina Kano ina bin bashin littattafai. Daga Rano zuwa Kano ba tafiyar yini ba ce, mutum zai iya zuwa da safe ya dawo kafin la'asar, amma sai da na ɗauki kusan shekara biyu kafin in kawo ta asibitin ido na ECWA da ke Kano, asibitin da turawan mishan na SIM suka kafa tun 1943, wanda mutanen karkararmu suka daɗe da sanin hanyarsa. Likita ya duba ta ya daɗe, sannan ya kira ni gefe. Ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne. Ya yi mini bayani cewa yana ana cire ta mutum ya koma gani garau, amma wannan ciwo ruwan cikin ido ne yake taruwa yana danne jijiyar gani a hankali, yana fara cin gefe-gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Ya ce da an zo da wuri, da maganin ɗigawa ko aiki zai iya tsayar da shi. Ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan saura kaɗan.

Mai karatu, lokacin da ba ni da ko sisi ban taɓa wata biyu ban ga uwata ba. Da albarka ta zo ne na rasa lokacinta. Kuɗin da zai ceci idonta yana aljihuna tsawon shekara biyu, ni kuwa ina ta lissafin bulo da siminti. Da a ce ranar da kuɗin nan suka fara shigowa na tsaya na tambayi Ubangiji dalilin da ya sa ya ba ni, amsar tana zaune a tsakar gidanmu tana laluben bakin randa. Da na sani ƙeya ce, in ji Hausawa.

Abin mamaki, kakanninmu Maguzawa da ba su da littafi sun san haɗarin ƙoshi. Kakata ta sha ba mu labarin yadda manomin da ya kai dami dubu a kaka ɗaya ba ya ƙulle rumbunsa ya yi shiru. Sai ya tara jama'a ya yi biki, a ci a sha, ya yi ta rabon hatsi da kyauta har ya kusa tsiyata kansa, sannan a kira shi Sarkin Noma. Ta ce a wurinsu dubu abin tsoro ne, dukiya ce mai nauyi da ba ta zama lafiya a hannun mutum ɗaya. Ban bin addinin kakana, amma a wannan wurin ya fi ni hankali. Da na girma na buɗe Littafi Mai Tsarki sai na tarar da gargaɗin yana nan. A Maimaitawar Shari'a sura 8, Annabi Musa yana sallama da mutanen da suka yi shekara 40 a jeji, kuma abin da ya fi ja musu kunne a kai shi ne ranar da za su ci su ƙoshi, su gina gidaje masu kyau, dabbobinsu su yi yawa, sai zuciyarsu ta ce musu ƙarfinsu ne ya samo. Jejin bai ba shi tsoro kamar ƙasar albarkar ba. Haka kuma a Luka sura 12 Yesu Almasihu ya ba da misalin wani manomi da gonarsa ta yi kyau har rumbunansa suka kasa ɗauka, sai ya yanke shawarar rushe su ya gina manya. Abin da ya fi jan hankalina a misalin shi ne, duk shawarar da mutumin ya yi, da kansa ya yi ta. Babu maƙwabci a cikinta, babu gwauruwa, babu barorin da suka yi masa noman. A daren nan aka karɓi ransa. Ba noma ne laifinsa ba, ba kuma rumbu ba. Laifinsa shi ne ya ɗauka saƙon da aka ba shi nasa ne shi kaɗai.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Kasuwar littattafanmu ta fara sanyi da zuwan wayar hannu, masu karatu suka koma Facebook da WhatsApp, ana tura littafin mutum kyauta ba tare da ya ga ko kwabo ba. Ni na ƙi yarda kiɗa ya canza, na ci bashi na sake buga littattafaina guda huɗu na zuba a shagon wani dila a kasuwar Sabon Gari. Ranar Asabar 26 ga Maris, 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a wannan kasuwa, har da wanda kayana suke ciki. A wurinmu Kirista wannan Asabar ita ce wadda ta faɗo tsakanin Jumma'ar da muke tuna gicciye da Lahadin da muke murnar tashin Almasihu. Kashegari ana ta waƙoƙin Ista a coci, ni ina zaune bakina ya ƙi buɗewa. Na sayar da filin na biya bashi, babur ma ya bi. Kafin damina ta faɗi na kwashe iyalina muka koma Zurgu, na ɗauki fartanyar da na yi shekara goma sha biyar ina gudu.

A lokacin idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Ni ɗan farinta ne, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "kai wannan" take ce mini. Wata rana da yamma ina zaune kusa da tabarmarta na yi tagumi, ina ta surutai cewa ban san laifin da na yi wa Allah ba. Ta bari sai da na gaji, sannan ta ce: "Kai wannan, da kana da kuɗi ina da ido, ban gan ka ba. Yanzu ba ka da kuɗi, ba ni da ido, ga ka nan kusa da ni ina jin numfashinka. Ka bar ni in yi godiyata, kai ka ci gaba da ƙorafinka." Na ce: "Inna, ni ne fa na jawo miki wannan." Ta ce: "Na sani. Na yafe tun tuni. Tashi ka ɗauko littafin nan ka karanta mini, na gaji da jiran Lahadi."

Shekara biyar na yi ina karanta mata Littafi Mai Tsarki kusan kowace yamma, har Allah ya karɓi abinsa a 2021. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ce ta koya mini karatun littafin Ayuba, wanda 'yan'uwana Musulmi suka sani da Annabi Ayuba mai haƙuri. Da ina ɗaukar labarinsa kamar irin namu na kasuwa: ya sha wuya, ya yi haƙuri, aka ninka masa dukiya, shi ke nan. Ranar da muka kai ƙarshe na ce mata ai ga shi an mayar masa da komai. Sai ta ce: "Wane komai? 'Ya'yansa goma na farko suna kabari. Ka tambayi uwarsu ko goma na biyu sun goge mata na farko." Inna ta binne 'ya'ya uku kafin su yi wayo, ta san abin da take faɗi. Daga nan na lura da abubuwa biyu da ban taɓa lura da su ba. Na farko, har littafin ya ƙare Allah bai gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Na biyu, waɗanda Allah ya tsawata wa su ne abokansa uku da suka dage cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye. Kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba, su ne kwanakin da suka yi masa amfani. Da suka fara fassara masa ƙaddararsa ne suka ɓata.

Wannan ya sa nake so a fahimce ni da kyau. Ban ce Allah ya ƙone kasuwar Sabon Gari domin ya mayar da ni gaban uwata ba. Dubban mutane ne suka yi asara a wannan gobara, akwai waɗanda har yau ba su farfaɗo ba, kuma rashin kunya ne in mayar da hawayensu darasin kaina. Haka kuma ban ce makantar Inna alheri ce ba. Sakacina ne, zan kuma ɗauke shi har kabari. Abin da na ce shi ne, bayan abu ya riga ya faru, akwai tambayar da ta fi "don me?" amfani, ita ce "to yanzu me ake so in yi, kuma domin wa?" A Yahaya sura 9 almajiran Yesu sun ga wani da aka haifa makaho, suka tsaya suna tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya kawar da duka biyun, ya juya maganar zuwa ga aikin Allah da za a yi a kan mutumin, sannan ya yi aikin. Su suna neman mai laifi, shi yana ganin aikin da ke jira. Ni aikin da na tarar yana jirana shi ne in zama idon uwata na shekara biyar, kuma duk littattafan da na rubuta babu wanda nake alfahari da shi kamar waɗannan shekaru.

Wani lokaci ma mai wahalar ba ya ganin amfanin wahalarsa da idonsa. Cocin da na tashi a ciki ya samo asali ne daga wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Legas a watan Disamba na 1893 da niyyar shigowa ƙasashen Arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya kayar da shi, daga baya ya koma gida. Sai a 1902 aka samu kafa tashar farko a Patigi, kuma sai a 1954 aka kafa ECWA. Ko mutum ya yarda da saƙon da suka ɗauko ko bai yarda ba, asibitin idon da Musulmi da Kirista suke bin layi a cikinsa a Kano daga wannan tushen ya fito. Biyun da suka mutu ba su ga ko tubali ɗaya ba. In da ni ne na rubuta labarinsu a 2006, da mai karatu ya jefar da littafin ya ce na cuce su.

Na san akwai mai cewa: "Ai irin wannan magana ce ake lallashin talaka da ita, a ce masa ya yi haƙuri akwai hikima a yunwarsa, masu mulki kuma su ci gaba da sheƙe ayarsu." Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, ba zan raina shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 na ga gidaje a ƙasar Rano da Kibiya da suka koma cin abinci sau ɗaya a yini, na ga manoman da suka rage gona domin buhun taki ya fi ƙarfinsu. Duk wanda ya je gaban irin waɗannan ya ce musu su yi shiru nufin Allah ne, ya zama ɗaya daga cikin abokan Ayuba. Neman manufa a cikin wuya bai hana a kira zalunci da sunansa ba. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa cewa Allah ya juya abin da suka yi masa ya zama sanadin ceton rayuka masu yawa, amma a cikin wannan maganar sai da ya kira abin da suka yi mugunta. Kuma ku duba abin da ya yi da shekara bakwai na ƙoshi a Masar: ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona domin shekara bakwai na yunwa. Wato ya tambayi albarka dalilin zuwanta tun tana hannu. Da masu riƙe da dukiyar ƙasar nan sun yi wa shekarun kuɗin mai wannan tambayar, da yawan wahalar da ake ce mana mu yi haƙuri da ita ba ta zo ba. Inna ta ba ni labarin farin 1973, lokacin tana amarya, yadda suka rayu da tafasa da rama, da yadda wani maƙwabcinsu Musulmi ya buɗe tsohon rumbunsa ya auna wa gidaje dawa ba tare da ya tambayi addinin kowa ba. Wannan mutum ya san dalilin da ya sa aka ba shi.

Akwai kuma wasu a cikin gidanmu na Kirista da nake da magana da su, wato masu wa'azin cewa duk mai bangaskiya ta gaskiya dole ya yi kuɗi, ya hau mota, ciwo kuma alamar raunin imani ne. Wannan wa'azi littafin kasuwa ne aka sa masa rigar coci. In gaskiya ne, to matan Zumunta na ƙauyenmu da suke kawo damin dawa da kaza ɗaya ranar godiyar kaka, alhali rabin shekara suna cin bashi, su ne marasa bangaskiya ke nan? Wanda muke bi bai mutu a gida mai bene ba. A Gatsemani ya roƙi a ɗauke masa abin da ke gabansa, ba a ɗauke ba, ya miƙa kai ga nufin Uba. Manzo Bulus kuma yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da ƙoshi da zama da yunwa. Kalmar koyo ce ta tsaya mini a rai, da kuma yadda ya jera ƙoshi a cikin abubuwan da sai an koya. Yunwa tana koyar da mutum ko bai so ba. Ƙoshi kuwa babu mai tilasta maka shiga ajinsa, shi ya sa da yawanmu muke faɗuwa jarrabawarsa ba mu ma san an yi ta ba. Arziki rigar ƙaya ne, in ji magabata. Na san 'yan'uwana Musulmi suna da wannan koyarwa ta haƙuri a lokacin tsanani da godiya a lokacin yalwa, kuma abokaina malamai sun sha gaya mini cewa dukiya ma jarrabawa ce. Ashe a wannan gaɓa ba mu da nisa da juna, sai dai dukanmu mun fi iya faɗi da baki.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta, musamman matasan da suke rubutu a waya yanzu, waɗanda masu karatunsu suka ninka namu na da. Ban ce ku daina aurar da marainiya ga mai kuɗi ba, mai karatu yana da haƙƙin ya huta, ni ma ina son labari mai daɗin ƙarshe. Amma ku riƙa ƙara babi ɗaya. Ku nuna mana ita bayan shekara biyar a gidan benen nan, ranar da wata 'yar aiki ƙarama ta fasa mata faranti. Ku nuna mana ko ta tuna, ko ta zama kishiyar uwar da ta gudu daga hannunta. Ku kuma riƙa ba mu labarin waɗanda wuyarsu ba ta ƙare da mota ba, amma ta ƙare da wani ya rayu saboda su, domin su ne suka fi yawa a cikin masu karanta mu, kuma bai kamata su rufe littafinmu suna jin cewa rayuwarsu asara ce ba.

Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto mini, ga amsarki. Yarinyar nan ta ƙare a gidan haya tana ɗinki, gaskiya ne. Amma ki koma babi na ƙarshe ki ƙirga yaran da ke zaune a gaban kekenta suna koyo, ki duba daga irin gidajen da ta ɗauko su. Wahalarta ce ta sa take gane su tun daga nesa. Ban cuce ta ba.

Yanzu ina Zurgu, ina noma da damina, ina rubutu da rani. Bana Allah ya ba mu dawa daidai gwargwado, kuma kafin a ɗaure rumbu na zaunar da 'ya'yana na ce kowa ya kawo sunan gida ɗaya da ya san ba su samu ba. Kai ma mai karatu, in kana cikin wuya, Allah ya yaye maka, kada kuma ka yarda wani ya ce maka lalle fushi ake yi da kai. In kuwa kana cikin daɗi, to yau kafin ka kwanta ka yi tambayar da ni ban yi ba a 2006. Sannan in akwai tsoho a gidanku da ya fara tuntuɓe da kaya, kada ka ce yana ce a jira ta nuna, ka kai shi a auna masa ido cikin makon nan.

Allah ya ba mu ikon gane saƙon da aka ba mu, ya sa mu kai shi inda aka aike mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.